Ciwon Sukari na Goyon Ciki: Yadda Abinci da Gwajin Jini Suke Aiki Tare

Mace mai juna biyu takan je awo cikinta yana wata shida, ba ta jin ciwon komai, a ba ta ruwa mai zaƙi ta sha, a ɗebi jininta sau biyu ko uku, sannan a shaida mata cewa tana da ciwon sukari na goyon ciki. Daga nan ruɗani yake somawa. Za a ce mata ta rage shinkafa da burodi, a kuma gargaɗe ta kada ta yanke su gaba ɗaya. Za a miƙa mata na'urar gwaji da takarda mai ɗauke da lambobi, sai ta tarar cewa wata mai ciki da ta yi awo a wani asibiti an ba ta lambobin da suka sha bamban da nata, har ma wadda sakamakonsu ya zo ɗaya an sallame ta an ce lafiyarta ƙalau. Wannan saɓani yana da tushe a cikin ilimin likitanci kansa, kuma fahimtar tushen nasa yana sauƙaƙa wa mai ciki sanin abin da ya kamata ta sa ido a kai.

Matsalar ba ta wasu tsiraru ba ce. Ƙididdigar da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar a 2021 ta nuna cewa kusan haihuwa ɗaya cikin shida a duniya tana zuwa ne bayan uwar ta yi fama da hauhawar sukari a lokacin cikin, kuma kimanin kashi 80 cikin 100 na waɗannan mata cikin ne ya jawo musu.

## Abin da yake faruwa a jikin mai ciki

Duk abinci mai sitaci ko zaƙi yakan narke a hanji ya zama gulukos, wato sukarin da yake yawo a jini. Sinadarin insulin, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi mai suna fankiriyas take samarwa, shi ne yake buɗe wa wannan sukari hanyar shiga tsoka da hanta da kitse. Idan ciki ya tsufa, mabiyiya takan zubo da sinadarai cikin jinin uwa waɗanda suke dakushe ƙarfin insulin. Wannan tsari ne na halitta, domin yana sa sukari ya ɗan jima a jinin uwa har jariri ya samu rabonsa. A watannin ƙarshe, yadda jikin mai ciki yake amsa wa insulin yakan ragu da kimanin rabi, kuma yawancin mata jikinsu yakan cike giɓin ta hanyar ƙara yawan insulin ɗin da yake fitarwa. Wadda jikinta ya kasa cike wannan giɓi, ita ce sukarinta yake hawa.

Shi ya sa ake yin gwajin tsakanin mako na 24 da na 28, lokacin da aikin mabiyiya ya kankama. Shi ya sa kuma abincin da bai ɗaga sukari ba a mako na 28 zai iya ɗaga shi a mako na 33, ba tare da matar ta sauya komai ba. Ƙiba, da yawan shekaru, da samun mai ciwon sukari cikin iyaye ko 'yan'uwa na jini, da taɓa haihuwar jariri mai nauyin kilo 4.5 ko fiye, duk suna ƙara haɗarin, amma siraran mata masu ƙuruciya ma suna kamuwa, don haka zargin cewa kwaɗayin zaƙi ne kaɗai sanadi ba shi da madafa.

Ya kamata a bambance wannan ciwo da ciwon sukarin da mace take da shi tun kafin ta ɗauki ciki ba ta sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar sakamakon da ya kai 7.0 mmol/L (ma'aunin yawan sukari a jini) kafin a karya, ko 11.1 awa biyu bayan an sha ruwan gwajin mai zaƙi, a matsayin cikakken ciwon sukari. Bambancin yana da muhimmanci, saboda gaɓoɓin jariri suna haɗuwa ne a makonnin farko, kuma hauhawar sukari a wannan lokacin ce take da alaƙa da nakasar halitta. Ciwon da ya ɓullo a tsakiyar ciki haɗarinsa wani iri ne daban.

## Dalilin da ya sa ake damuwa

Tun a shekarun 1950 wani likita ɗan ƙasar Denmak, Jørgen Pedersen, ya bayyana abin da har yau ake kafa hujja da shi: sukarin uwa yana ƙetare mabiyiya zuwa jikin jariri, amma insulin ɗinta ba ya ƙetarewa. Idan sukari ya yi yawa, jariri yakan samar da nasa insulin da yawa, shi kuma insulin a jikin ɗan tayi sinadarin girma ne, sai ya tara kitse, musamman a kafaɗu da ƙirji da ciki. Jaririn da ya haura kilo 4 yakan wahalar da naƙuda, kansa yana iya fitowa kafaɗa ta maƙale, wanda hakan kan jawo karaya ko lahani ga jijiyar hannu, ita kuma uwar ta samu yagewa ko a kai ga yi mata aiki. Bayan an yanke cibiya, sukarin da yake zuwa daga uwa ya tsaya cak, alhali insulin ɗin jaririn yana nan da yawa, sai sukarinsa ya faɗi a sa'o'in farko. Ana kuma ganin ƙaruwar ciwon shawara da wahalar numfashi a irin waɗannan jarirai, ita kuma uwar haɗarin hawan jinin da yake kaiwa ga jijjiga yana ƙaruwa gare ta.

An daɗe ana gardama kan ko kula da ciwon yana rage wani abu daga cikin waɗannan. Bincike biyu ne suka fi kashe gardamar. Na farko an yi shi mafi yawa a Ostareliya, aka wallafa a 2005, kan mata 1,000, kuma ya nuna cewa munanan matsalolin haihuwa sun sauko daga kashi 4 zuwa kashi 1 cikin 100 ga waɗanda aka kula da su. Na biyu an yi shi a Amurka, aka wallafa a 2009, kan mata 958 da ciwonsu bai yi tsanani ba, kuma an ga raguwar manyan jarirai, da maƙalewar kafaɗa, da aikin haihuwa, da hawan jini. A duka binciken biyu, mafi yawan matan gyaran abinci da gwajin jini kawai suka yi.

## Inda lambobin suka samo asali, da dalilin saɓaninsu

Ma'aunin farko da ya samu karɓuwa shi ne na John O'Sullivan da Claire Mahan na birnin Boston a 1964, kuma abin lura shi ne sun tsara shi ne domin gano matan da za su kamu da ciwon sukari nan gaba, ba su gina shi kan lafiyar jariri ba. Don a gyara wannan aka gudanar da gagarumin binciken da ake kira HAPO, wanda ya bi diddigin mata kimanin 25,000 a cibiyoyi 15 cikin ƙasashe 9, aka wallafa shi a 2008. Masu binciken sun so su gano lambar da haɗari yake somawa daga kanta, sai suka tarar babu irin wannan lamba. Gwargwadon hawan sukarin uwa, gwargwadon ƙaruwar nauyin jariri da sauran matsaloli, sannu a hankali kamar hawan gangare, babu wani tsani da za a nuna a ce daga nan ne. Saboda haka duk iyakar da aka shata, shawara ce ta kwamitin masana, kuma kwamitoci daban-daban sun shata a wurare daban-daban.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2013, ta amince da gwajin giram 75 na gulukos, inda lamba ɗaya tak ta isa a ce mace tana da ciwon: 5.1 mmol/L kafin a sha ruwan, ko 10.0 bayan awa ɗaya, ko 8.5 bayan awa biyu. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Birtaniya, tun 2015, tana amfani da 5.6 kafin sha da 7.8 bayan awa biyu. Ke nan mace mai 5.3 da safe tana da ciwon a ma'aunin farko, ba ta da shi a na biyu, ita kuma mai 8.0 bayan awa biyu akasin haka ne. A Amurka yawancin asibitoci mataki biyu suke bi: a fara da giram 50, wadda ta haura sai a yi mata gwajin giram 100 na tsawon awa uku, kuma a bisa al'ada sai lambobi biyu sun haura kafin a tabbatar.

Masu goyon bayan iyaka mai tsauri suna cewa tunda haɗarin yana hawa ne a hankali, kuma maganin farko gyaran abinci ne wanda ba ya cutarwa, gara a kamo mata da yawa. Masu adawa suna nuni da cewa laƙaba wa mace ciwo yana zuwa da fargaba, da yawan zuwa asibiti, da kashe kuɗi, da yiwuwar a gaggauta tayar da naƙuda. Wani bincike na Amurka da aka wallafa a 2021 kan mata sama da 23,000 ya gano cewa gwajin mataki ɗaya, wato na giram 75, ya kamo kashi 16.5 cikin 100, na mataki biyu kuma kashi 8.5, amma ba a ga bambanci a lafiyar uwaye da jarirai ba. Wani na ƙasar Niyuzilan a 2022 ya samu irin wannan sakamako idan aka duba matan baki ɗaya, sai dai da aka ware matan da lambobinsu suka faɗa tsakanin iyakokin biyu, waɗanda aka kula da su sun fi samun sauƙi. Kowane ɓangare yana da abin kafa hujja. Abin da ya shafi mai ciki kai tsaye shi ne, wadda ta tsallake gwaji da ƙyar ba ta da nisa da wadda ta faɗi da ƙyar, kuma dukkansu gyaran abinci zai amfane su.

## Abinci: yawa, da iri, da lokaci

Kuskuren da ya fi yawa bayan an samu sakamako shi ne mace ta tsorata ta yanke sitaci kwata-kwata. Lambobin na'ura za su yi kyau, amma jikin da bai samu sukari ba yakan koma ƙona kitse, ya tara sinadarin kiton a jini, abin da likitoci ba sa so a lokacin ciki. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta ba da shawarar kada mai ciki ta gaza giram 175 na sitaci da dangoginsa a rana, tare da giram 71 na furotin da giram 28 na faiba, wato ɓangaren hatsi da ganye da wake wanda hanji ba ya narkarwa. Domin a gane girman waɗannan lambobi, yankan burodi ɗaya yana da kimanin giram 15, kofi ɗaya na dafaffiyar farar shinkafa kimanin giram 45, kofin madara kimanin 12, gwangwanin lemon kwalba kuma kimanin giram 35 na sukari zalla. Giram 175 abinci ne na sosai, kuma duk tsarin da ya bar mai ciki da yunwa ko ramewa ya kauce hanya.

Abin da ake nema shi ne a rarraba wannan adadi. Insulin ɗin mai wannan ciwo yana aiki, sai dai yana da jinkiri kuma ba ya iya ɗaukar kaya mai yawa a lokaci ɗaya. Giram 90 a zama ɗaya zai fi ƙarfinsa, amma idan aka raba shi gida biyu da tazarar awa biyu ko uku, zai iya wucewa lafiya. Shi ya sa ake ba da shawarar cin abinci sau uku madaidaita, da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku a tsakani. Karin kumallo shi ne ya fi ba da wahala, domin da safe ne jiki ya fi yi wa insulin taurin kai, har ta kai abincin da yake wucewa lafiya da rana yana iya ɗaga sukari idan aka ci shi da safe. Masana abinci da yawa sukan taƙaita sitacin safe zuwa kimanin giram 30, su cike da ƙwai ko wani abu mai furotin.

Irin abincin ma yana da tasiri kamar yawansa. A 1981 David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto suka fito da ma'aunin da yake jera abinci gwargwadon saurin da yake ɗaga sukari, kuma hukumar NICE tana ba masu wannan ciwo shawarar su zaɓi masu jinkiri. A dunƙule, duk abin da aka cire wa dusa, aka niƙa lukui, aka dafa ya yi laushi, ko aka mai da shi ruwa, yana saurin shiga jini. Lemo ɗaya da aka ci da faibarsa ya sha bamban da kofin ruwan lemo, wanda aka matse 'ya'ya biyu ko uku a cikinsa aka zubar da faibar. Wake da dangoginsa, da hatsin da ba a cashe ba, da ganye, suna tafiya a hankali. Haɗa sitaci da nama ko kifi ko ƙwai ko gyaɗa yana rage saurin fitar abinci daga tumbi. Hanya mai sauƙi ga wadda ba za ta iya ƙirga giram ba ita ce ta raba farantinta: rabi ganye da kayan lambu marasa sitaci, kashi ɗaya cikin huɗu furotin, ragowar kashi ɗaya cikin huɗu sitaci. Zuma da sukari mai launin ƙasa da busassun 'ya'yan itace, duk da ana kallonsu a matsayin masu lafiya, suna ɗaga sukarin jini kamar farin sukari.

A nan ma akwai saɓani tsakanin masana. Tsohuwar koyarwa ta fi karkata ga rage sitaci zuwa kimanin kashi 40 cikin 100 na abincin yini. Wasu masu bincike suna ganin cewa idan aka rage sitaci, mace takan cike gurbin da kitse, shi kuma yawan kitsen dabbobi yana ƙara dakushe insulin, don haka sun fi son a bar sitaci da ɗan yawa muddin mai jinkiri ne. Bitar da cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken likitanci, ta yi a 2017 kan tsare-tsaren abinci iri-iri ba ta samu hujjar da za ta fifita ɗaya a kan saura ba. Wannan rashin gwani guda shi ne yake ba gwajin jini matsayinsa, domin shi ne yake nuna abin da ya dace da kowace mace ita kaɗai.

Game da nauyi, ba a son mai ciki ta nemi ramewa. Ƙa'idar Amurka ta 2009 ta ce mace mai matsakaicin jiki ta ƙaru da kilo 11.5 zuwa 16 a tsawon cikin, mai ɗan jiki kilo 7 zuwa 11.5, mai ƙiba sosai kuma kilo 5 zuwa 9. Motsa jiki kuwa abokin tafiyar abinci ne, saboda tsokar da take aiki tana jan sukari daga jini ko da insulin bai da ƙarfi. Tattaki na minti 10 zuwa 15 bayan kowane cin abinci, ko na minti 30 sau ɗaya, yakan sauko da lambar bayan cin abinci yadda za a gani a na'ura, matuƙar likita bai hana motsa jiki ba saboda wani dalili na cikin.

## Gwajin yatsa da yadda ake karanta shi

Yawanci ana gwaji sau huɗu a rana: da safe kafin a ci komai, sai kuma bayan kowane babban abinci. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta sa burin ya zama ƙasa da 95 mg/dL da safe, ƙasa da 140 bayan awa ɗaya, ko ƙasa da 120 bayan awa biyu. A ɗaya ma'aunin waɗannan su ne 5.3 da 7.8 da 6.7 mmol/L. NICE ta yarda da biyun farko, amma ta sa 6.4 bayan awa biyu. Wadda na'urarta take nuna ma'aunin da ya bambanta da na takardar asibiti za ta iya raba lambar mg/dL da 18 ta samu ta mmol/L. Ana fara ƙirga lokaci ne daga lomar farko, kuma ya kamata mace ta tsaya kan awa ɗaya ko awa biyu kamar yadda aka tsara mata, kada ta riƙa cakuɗawa. Fifita gwajin bayan cin abinci yana da hujja: wani bincike na 1995 kan mata masu amfani da insulin ya nuna cewa waɗanda aka daidaita musu magani bisa lambobin bayan cin abinci sun fi samun jarirai masu madaidaicin nauyi.

Ƙananan abubuwa suna ɓata sakamako. Wadda ta ɓare ayaba ko lemo ta huda yatsa ba ta wanke hannu ba, za ta ga lambar da za ta firgita ta, alhali sukarin da ke kan fata na'urar ta karanta. A wanke hannu da sabulu a busar da shi sarai, a huda gefen yatsa maimakon tsakiyarsa domin ya fi sauƙin zafi, kada a matse da ƙarfi, a kuma rufe kwalbar takardun gwaji nan take saboda zafi da danshi suna lalata su. Na'urar kanta ba ta cika daidai ɗari bisa ɗari ba. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta yarda sakamako ya kauce da kimanin kashi 15 cikin 100, don haka bambancin 138 da 143 ba abin tayar da hankali ba ne. Gwajin HbA1c, wanda ake dogaro da shi ga sauran masu ciwon sukari, ba ya maye gurbin gwajin yatsa a nan, saboda matsakaicin watanni biyu zuwa uku yake nunawa, kuma ciki da ƙarancin jini suna iya karkatar da shi. Akwai kuma na'urar da ake mannawa a dantse tana karanta sukari dare da rana, wadda amfaninta ya tabbata ga masu ciki da ke da ciwon sukari nau'i na ɗaya, wato wanda jiki yake kasa samar da insulin, ana kuma ci gaba da nazarinta a kan wannan ciwo.

Lamba ɗaya ba ta faɗin komai sai an jera ta da 'yan'uwanta, an kuma rubuta abin da aka ci a gefenta. A ɗauka mace ta rubuta na mako guda, sai ta ga lambobin safe suna tsakanin 86 da 92, na rana da na dare duk suna ƙasa da 140, amma na bayan karin kumallo sun kai 155 a ranaku huɗu, kuma a dukkan ranakun burodi yanka uku ta ci da shayi mai madara. Littafin ya riga ya nuna inda gyara yake: ta koma yanka ɗaya ko biyu da ƙwai, ta matsar da madarar zuwa hantsi, ta sake gwadawa. A ɗauka kuma wata ce, lambobinta na bayan abinci duk suna da kyau, amma na safe kullum 100 ne ko 104. Wannan lamba hanta ce take samar da ita cikin dare, kuma ita ce mafi taurin kai ga gyaran abinci. Ana iya gwada cin abincin dare da wuri, da ɗan abin taɓawa mai furotin kafin barci, da tattakin yamma, amma sau da yawa irin wannan mace magani take buƙata, kuma ƙara matse cikinta da yunwa ba zai sauko da lambar ba.

Akwai wata ɗabi'a da ma'aikatan lafiya suka san ta sarai, wato mace ta ƙi cin abinci sosai a ranakun da suka gabaci awo, ko ta ƙi rubuta lambar da ta yi sama, don gudun faɗa ko allura. Illar ita ce likita zai yanke shawara bisa littafin da ba ya nuna gaskiya, jariri kuma yana ci gaba da karɓar sukarin da ba a rubuta ba. Wani ɓangare na alhakin yana kan yadda ake karɓar matan a asibiti, domin inda ake duba littafi kamar takardar jarrabawa, dole a samu masu ɓoye sakamako.

## Idan abinci bai wadatar ba

Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 70 zuwa 85 cikin 100 na masu wannan ciwo suna iya daidaita sukarinsu da abinci da motsa jiki kaɗai. Ragowar suna buƙatar magani, kuma galibi ƙarfin sinadaran mabiyiya ne sanadi, wanda mace ba ta da iko a kansa. NICE ta tsara cewa a ba gyaran abinci mako ɗaya zuwa biyu, idan ba a cim ma buri ba a fara ƙwayar metformin, a ƙara da insulin idan ta gaza. Wadda kuma lambarta ta safe ta kai 7.0 tun ranar gwaji, a fara mata insulin nan take. A Amurka insulin ne zaɓin farko, hujjarsu kuwa ita ce ba ya ƙetare mabiyiya, ita kuwa metformin tana ƙetarewa. Masu fifita ƙwayar suna dogaro da wani bincike na Niyuzilan da Ostareliya na 2008 kan mata 751, wanda bai ga ƙarin matsala ga jariran da uwayensu suka sha ta ba, kuma matan sun fi son ta fiye da allura, ko da yake kusan rabinsu sai da aka ƙara musu insulin. Abin da ya rage ana nazari shi ne tasirinta ga girman yaran bayan shekaru.

Wadda take allurar insulin ita ce take fuskantar haɗarin faɗuwar sukari, wanda alamominsa su ne rawar jiki, da gumi, da jiri, da bugun zuciya. Idan lamba ta sauka ƙasa da 4.0 mmol/L, kimanin 70 mg/dL, ta sha abu mai zaƙi da ya kai giram 15 na sukari, kamar rabin kofin ruwan lemo, ta sake gwadawa bayan minti 15. Fara magani ba ya soke tsarin abinci, hasali ma tsallake cin abinci bayan an yi allura shi ne babban abin da yake jawo wannan faɗuwa.

## Haihuwa da abin da yake biyo baya

A Birtaniya ana duba girman jariri da yawan ruwan mahaifa ta hanyar sikanin kowane mako huɗu daga mako na 28 zuwa na 36, kuma ana ba da shawarar kada haihuwa ta wuce mako 40 da kwana 6. A Amurka, wadda take shan magani akan tsara mata haihuwa cikin mako na 39, kuma akan tattauna batun aiki idan aka ƙiyasta jaririn ya kai kilo 4.5. Samun wannan ciwo shi kaɗai ba ya wajabta aiki. Bayan haihuwa ana son a sa jariri a nono cikin rabin awa na farko, a riƙa shayar da shi akai-akai, a kuma gwada sukarinsa bayan awa biyu zuwa huɗu.

Da zarar mabiyiya ta fita, sukarin mafi yawan mata yakan koma daidai, a kuma dakatar da magani. Sai dai cikin ya riga ya fallasa raunin da ke jikin, domin wata bita da aka wallafa a 2020 ta nuna cewa matan da suka yi wannan ciwo sun ninka sauran mata kusan sau goma wajen haɗarin kamuwa da ciwon sukari nau'i na biyu, wato mai ɗorewa wanda ya fi kama manya. Don haka ƙa'idar Amurka ta ce a sake gwajin giram 75 tsakanin mako na 4 da na 12 bayan haihuwa, sannan a riƙa maimaita gwaji kowace shekara ɗaya zuwa uku. NICE kuma ta ce a yi gwajin safe tsakanin mako na 6 da na 13, sannan duk shekara. Wannan gwaji shi ne wanda aka fi mantawa da shi, saboda yana zuwa ne lokacin da hankalin uwa da na asibiti ya koma kan jariri, kuma ciwon sukari nau'i na biyu yana iya shekaru ba tare da alama ba. Shayarwa tana da alaƙa da raguwar haɗarin, kuma babban shirin rigakafin ciwon sukari da aka gudanar a Amurka ya nuna cewa a tsakanin matan da suka taɓa wannan ciwo kuma sukarinsu ya fara hawa, rage nauyi da motsa jiki, ko shan metformin, sun rage kamuwa da kusan rabi cikin shekaru uku. Kimanin rabin matan ciwon yakan dawo musu a ciki na gaba, shi ya sa ake so mace ta faɗa tun a awon farko cewa ta taɓa yinsa, domin a fara gwada ta da wuri maimakon a jira mako na 24.